Kafin mu ce yaro ba ya son karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu iyaye da malamai na nan Sudan, daga Gadarif zuwa Kasala, Mai Wurno, Sinnar, Damazin da ƙauyukan Jazira, a kan wani kuka da ya zama ruwan dare: "Yaron nan ba ya son karatu." Mu malamai ne, wasunmu na madarasa, wato makarantar boko, wasunmu na halwa, wato makarantar allo. A cikin yaran da ake yi wa wannan shaida, kaɗan ne ƙwarai suke ƙin labari. Yaron da zai zauna baki buɗe yana jin kakarsa tana kawo Gizo da Ƙoƙi, ko ya jero maka 'yan wasan ƙungiyoyin ƙwallon Hilal da Marikh ba gargada, ba kai ya rasa ba. Wahala yake gudu, da kunya. Saboda haka kafin a nemo masa littafi, sai a gano inda takalmin yake matsa shi.

Kowa ya san yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan ranar 15 ga Afrilu 2023. Makarantu sun rufe, da yawansu sun koma masaukin waɗanda suka baro Hartum, daga baya Wad Madani da Sinja. A watan Oktoba na 2023 UNICEF ta ce yara wajen miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. Karatun da bai zauna ba kuwa tsatsa yake yi. Yarinyar da ta bar aji tana shekara takwas tana haɗa baƙi da ƙyar, ta dawo tana da goma ko sha ɗaya, an sa ta ajin da ya dace da tsawonta, an miƙa mata littafin da ya yi mata nisa. Idan ta ture shi gefe, ba taurin kai ba ne.

Ko da babu yaƙi, ɗanmu yana ɗauke da kayan da ɗan wani bai ɗauka ba. A gida ana ce masa "me kake so?" A kan titi ana ce masa "dayir shinu?" Littafi kuma ya ce "maza turidu?" Harshe uku ke nan a kan tambaya ɗaya. Ya san "masha" da "shaf" da "hassa", sai ya buɗe shafi ya tarar da "zahaba" da "ra'a" da "al'an", alhali ma'anarsu ɗaya ce: ya tafi, ya gani, yanzu. A cikin gari akwai yaran da Larabcin kasuwa ya fi musu Hausa sauƙi, a ƙauye kuma akasin haka, amma dukkansu baƙi ne a wurin Larabcin littafi. Ga kuma rubutun kansa: baƙaƙe 28, yawancinsu suna canza kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, shida ba sa haɗuwa da na gabansu, biyar kuwa (ba, ta, sa mai ɗigo uku, nun da ya) haƙori ɗaya ne a tsakiyar kalma, ɗigo kaɗai ya raba su. Yana fara sabawa sai a janye masa wasulla. Kalmar da ke da kaf, ta da ba, in babu wasali, za ta iya zama "kataba", ko "kutiba", ko "kutub". Babba yana zaɓa ne da ma'anar jimla. Yaron da bai mallaki harshen ba da me zai zaɓa? Sai ya yi ta canka, ana dariya, ya yi shiru.

Wata matsalar kuma a bakinmu take. Kalmar karatu a wurinmu ta haɗe komai: tilawa karatu, hadda karatu, bitar jarrabawa karatu. Larabcin makaranta ya raba muzakara, wato bitar darasi, da muɗala'a, wato karatun son rai. In uba ya ce "tashi ka yi karatu", muzakara yaro yake ji, wato abin da za a titsiye shi a kai, a kuma zane shi in ya kasa. Ku riƙa cewa "zo mu ga labarin nan". Ƙaramin canji ne, amma ku gwada.

Ga yadda ake gane irin matsalar, kuma ba ya cin minti goma. A samo rubutun da yaro bai taɓa gani ba, kamar kalma ɗari, mai cikakkun wasulla. Kada a ɗauki darasin da aka yi a aji, domin yaranmu gwanayen hadda ne, zai rera maka shafin duka idonsa yana kan rufin ɗaki. A zauna a gefensa, ba gaba da gaba kamar alƙali da mai laifi ba. A duba agogon waya, a bar shi ya karanta na minti ɗaya, kai kuma kana ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai da waɗanda ya tuntsure a kansu, a ɓoye, ba tare da ka gyara masa ba. Idan ya gama sai ka ce ya ba ka labarin abin da ya karanta, da Hausa ko da kowane harshe ya ga dama. Daga nan za ka ga ɗayan abu huɗu: ko baƙaƙen ne ba su zauna ba, ko yana faɗa daidai amma gaɓa-gaɓa har kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, ko yana zubawa kamar ruwa amma bai san me ya faɗa ba, ko kuwa komai lafiya lau, littafin ne kawai bai taɓa jan ransa ba. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Lambar da ka ƙirga kuma ka rubuta ta da kwanan wata. Ba don a gwada shi da ɗan maƙwabci ba, don a gwada shi da kansa bayan mako biyu.

Wanda baƙaƙe ba su zauna masa ba, a koma da shi babbaƙu ko da ya kai shekara goma sha biyu, amma a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba. A koya masa su gida-gida bisa kama, ba bisa jeri ba. Zana haƙori ɗaya a ƙasa, ka ba shi tsakuwa ko ƙwayar wake ya aza da hannunsa: ɗaya a ƙasa ba, biyu a sama ta, uku a sama sa, ɗaya a sama nun, biyu a ƙasa ya. Haka jim da 'yan'uwanta biyu, haka dal da zal, haka sin da shin. Kada a wuce baƙi uku a rana, kuma kowane baƙi a nuna shi a cikin kalma, a farko da tsakiya da ƙarshe, domin yara da yawa sun san baƙi yana tsaye shi kaɗai amma ba sa gane shi in ya shiga cikin 'yan'uwansa.

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu mu Hausawa musamman, kuma malaman madarasa da yawa ba su san da shi ba. Yaron da ya fara da allo a hannun malaminmu na gargajiya, a ruwayar Warshu da rubutun da muka gada, ya koyi cewa fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littafin madarasa, mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa, ƙaf tana da biyu. Ke nan abin da aka koya masa da asuba a matsayin ƙaf, shi ne ake ce masa fa da hantsi. Yana karanta "fil" ya ce "ƙil", aji ya fashe da dariya, ustaz ya ɗauka daƙiƙi ne. Gyaran bai wuce zama ɗaya ba: a rubuta siffofin biyu gefe da gefe, a ce masa wannan na allo ne, wannan na littafi, dukkansu daidai ne. Sunayen da ya sani, ba guje, lam ara, mim jaye, kada a hana shi su. A ɗora masa sunan madarasa a kai kawai. Haka wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri: su ne fataha da kasra da damma da sukun, ya riga ya san su da wani suna.

Mai karatu gaɓa-gaɓa kuma maimaici yake bukata, amma ba irin na hadda ba. A zaɓi gajeren rubutu, kalma hamsin zuwa sittin. Babba ya karanta sau ɗaya da murya mai daɗi, yatsa yana bin layi. Sai su karanta tare, muryar babba tana ɗan gaba. Sai yaro shi kaɗai, sau biyu ko uku. A yi haka kwana huɗu a kan rubutu ɗaya, sannan a canza, kafin ya haddace. Don a tabbata ido ne ke aiki ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba, a nuna masa kalma daga ƙarshen layi ko tsakiya a ce mene ne wannan. In ya tsaya a kan kalma, ka ƙirga biyar a zuciyarka. Bai samu ba, faɗa masa a wuce. Kuskuren da iyaye suka fi yi biyu ne: wasu suna cafke kalmar daga bakinsa kafin ya gwada, ya saba jiran a ba shi; wasu kuma suna tsare shi a kan kalma ɗaya har hawaye ya zo. Ba kowane kuskure ake gyarawa ba. Wanda ya canza ma'ana shi ake tsayawa a kai. Wasalin ƙarshen kalma, wanda nahawu ke juyawa, a ƙyale shi ya ɗaure shi da sukun a wannan mataki. Akwai ranar nahawu.

Batun wasulla yana da magani mai arha: biro ja. Idan littafin labari ya zo babu wasulla, ko kaɗan aka sa, babba ya zauna da dare ya sa wa shafi biyu ko uku na gobe cikakkun wasulla. Bayan mako biyu ko uku a rage, a bar kalmomin da ya saba da su tsirara, a sa wa sababbi da masu rikitarwa kawai. Daga baya sai a bar biron a hannunsa, duk inda ya tsaya ya tambaya ya sa da kansa. Tsallakawa kai tsaye daga shafi mai cikakkun wasulla zuwa wanda babu ko ɗaya, nan ne yara da yawa suke faɗawa rami, kuma daga nan ake fara jin "ba ya so".

Na uku, mai zubawa ba fahimta, ya fi kowa ɓoyuwa, domin muryarsa tana burge kowa. Ya yawaita a cikin yaran da suka yi nisa a halwa: harshe ya goge, amma ba a taɓa tambayarsu ma'anar shafi ba, sai suka ɗauka karatu sauti ne. Kafin a buɗe labari a tsamo kalma uku, kada su wuce biyar, a fassara masa da Hausa ko da Larabcin gida, a sa shi ya yi jimla da kowace. Bayan kowane sakin layi a tsaya: wa ya zo? Me ya sa ya gudu? Kai da kai ne me za ka yi? A karɓi amsa da kowane harshe. Malamin da ya dage sai an amsa da fusha, wato Larabcin littafi, zai samu shiru, ko a maimaita masa jimlar littafin kamar aku, ya ɗauka an gane.

Auna littafi da yaro kuma ba wuya. Ya buɗe tsakiya ya karanta shafi mai kamar kalma ɗari, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu; wannan na a karanta masa ne, ba na ya karanta ba. Yatsa ɗaya ko biyu, ya yi daidai. Kada ku ji kunyar ba ɗan aji biyar littafin ɗan aji biyu. In shi yake jin kunya, a ce ya karanta wa ƙanwarsa. Ya samu sauƙin da yake bukata, girmansa kuma bai zube ba.

Lokaci: minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a. A tsayar da sa'a ɗaya, kuma mun fi son bayan la'asar a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, tun da sauran hasken rana, ganin yadda wuta ba ta da tabbas. Ba yana shigowa daga madarasa ba, ba da yunwa ba, ba kuma lokacin da yake jin ihun abokansa a filin ƙwallo ba, don duk littafin da ya raba shi da ƙwallo ya zama abokin gaba. A raba mintocin: biyar nasa, goma na babba yana karanta masa labarin da ya fi ƙarfin idonsa. Wannan kashi na biyu shi iyaye suke yankewa da zarar yaro ya fara haɗa baƙi, alhali kunnen yaro yana gaban idonsa da shekaru. Ta kunne yake tara kalmomin fusha, ta kunne kuma yake gane cewa akwai daɗi a cikin takarda. A tsaya a inda labari ya yi zaƙi, kura ta kusa cim ma ɗan akuya, a rufe, a ajiye littafin inda hannunsa zai kai. 'Yan mata kuma a duba lamarinsu da adalci. Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙani, in ta yi gyangyaɗi a kan shafi ba ƙiyayya ba ce. A ɗauke mata aiki ɗaya a wannan sa'ar.

Uwar da ba ta yi boko ko madarasa ba kada ta ce ba ruwanta. Ita ce ma ta fi dacewa da zama mai sauraro, domin yaro ba ya tsoron ta kama shi da kuskure. Ya karanta mata, ya fassara mata da Hausa, ita kuma ta yi ta tambaya kamar mai son jin ƙarshe. Fassarar nan ita ce babbar jarrabawar fahimta. Kaka kuma ta ci gaba da "ga ta nan ga ta nanku", kamar yadda habboba, wato kakar maƙwabta Larabawa, take buɗe nata da "hajjaitkum ma bajjaitkum". Yaron da ya saba bin zaren labari da kunne, daga farko har ƙurunƙus, rabin aikin ya ƙare.

To ina littattafan, a wannan hali da ake ciki? Da babu gara ba daɗi, kuma wanda aka yi a gida sau da yawa ya fi na kanti shiga ran mai ƙyuya. Farar takarda huɗu irin ta injin kwafi, a haɗa a ninka biyu, ta ba da shafi 16. A yanko kwalin shayi ko na biskit a yi bango, a huda rami uku a kan ninkin, a ɗinke da allura da zare mai kauri. Yaro ya faɗi labarinsa, ranar da jakin karo, mai jan amalanke, ya ƙwace, ko babban kifin da aka kamo a kogi, ko wasan da unguwarsu ta ci. Babba ya rubuta yadda ya faɗa, ba tare da ya gyara masa zance ba, jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, da manyan baƙaƙe da wasulla. Yaro ya yi zane, a sa sunansa a bango. Zai karanta shi ba tuntuɓe domin kalmominsa ne, kuma zai nuna wa duk wanda ya shigo gidan.

A nan ne ajami yake da rana. Ɗanmu ya riga ya san baƙaƙen Larabci, kuma ya san Hausa. In aka rubuta masa Hausa da waɗannan baƙaƙe, karo na farko ke nan da zai karanta abu ya ji shi nan take ba tare da tafinta ba. Sai dai a tsaya a kan ƙa'ida ɗaya kamar yadda magabata suka yi: غ ita ce ga, ث ita ce ca, ط ita ce ɗa, ق ita ce ƙa, ڟ ita ce tsa, ɗigo a ƙasan baƙi kuma shi ne wasalin e. A faɗa masa a fili cewa wannan furucin na Hausa ne, kada ya kai shi cikin Larabci. Idan kuma ya fara haruffan Turanci a madarasa, ƙofar boko ta buɗe: wasula biyar ne, kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, sai a nuna masa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma yadda c tamu ta bambanta da ta Turanci. Wanda ya samu mai zuwa daga Kano ko Zariya ya yi saƙon Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne da aka fara bugawa a ƙarshen shekarun 1930. Jimlolinsa suna da tsawo ga ɗan koyo, don haka a fara da karanta masa. Ta ɓangaren Larabci kuwa akwai Al-Ahaji as-Sudaniyya, tatsuniyoyin ƙasar nan da Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib ya tattara, shi ne kuma malamin da ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a shekarun 1960.

Kada a raina labarin zane-zane, ko barkwanci, ko shafin wasanni. Dattawan da suka yi madarasa a ƙasar nan suna tuna mujallar yara ta Sibyan, wadda ta fara fitowa a 1946, da labarin zane na Ammak Tango da ke cikinta. Da irin wannan aka raini mutanen da ake yi wa kirari da cewa Alƙahira ke rubutawa, Beirut ke bugawa, Hartum ke karantawa. Yaron da yake son raksha, wato keke mai ƙafa uku, a ba shi abin da ya shafi inji, mai kiwon tantabara a nemo masa na tsuntsaye. A bar shi ya zaɓa tsakanin biyu ko uku, a kuma bar shi ya ajiye wanda bai yi masa ba bayan shafi goma. Haka manya suke yi. Wa'azi a ƙarshen kowane labari, da "wane darasi ka koya?", yana mayar da nishaɗi jarrabawa. Biyan kuɗi a kan kowane littafi kuma yana koya masa neman mafi siranta. Akwai gasar karatu ta ƙasashen Larabawa da aka fara daga Dubai a 2015, wadda ɗalibi ke karanta littafi hamsin yana taƙaita kowanne, har wata yarinya 'yar Sudan ta lashe ta a 2019. Abin alfahari ne, kuma ta dace da wanda ya riga ya kamu. Mai gudun littafi kuwa, in ka ce masa hamsin da taƙaitawa, ka kore shi.

Waya ba sai an yi yaƙi da ita ba. Saƙon WhatsApp da ya shigo a rubuce, a miƙa wa yaro ya karanta wa gida. A ɗauki muryarsa yana karanta labari a aika wa kawunsa a Jidda ko Bur Sudan. Zai maimaita sau biyar da kansa don ya fita da kyau, abin da bulala ba za ta sa shi ba. In littafi a waya yake, a katse intanet tukuna, a kwantar da wayar a faɗaɗa rubutun. In ba haka ba saƙo ɗaya ya shigo an tafi.

Mu koma kanmu malamai. Karatun amshi, inda ustaz ya faɗa aji duka ya amsa, yana ɓoye waɗanda ba su iya ba har shekara ta ƙare. Leɓe kawai suke motsawa. A ajin da ya cika maƙil ba za a saurari kowa kullum ba, amma in aka saurari biyar a rana a gefen tebur, minti ɗaya-ɗaya, sauran suna rubutu, an zagaye yara 75 a mako uku. Tayar da mai rauni ba shiri ya karanta a gaban aji shi ne hanya mafi sauri ta sa shi ƙin littafi har abada. In ana so ya karanta a fili, a ba shi layukansa tun jiya ya shirya. Dariyar furuci kuma a kashe ta tun ranar farko. Ɗan Hausa yana iya haɗa ح da ه, ko ainu da hamza, kamar yadda abokinsa yake haɗa ƙaf da gainu. Kowa da inda harshensa yake zamewa. Kada a taɓa yin horo da karatu ko kwafe shafi.

Ɗakin karatu ba ya samuwa a yawancin makarantunmu, amma akwatin ƙarfe yana samuwa. Littafi arba'in sun ishi aji, yara biyu a kan ɗaya. A kasa su uku bisa sauƙi, a yi musu alama da launi a ƙeya, kore da rawaya da ja, ba tare da an rubuta aji kaza ba, don kada babba ya ji nauyin ɗaukar mai sauƙi. A liƙe ƙeyar kowanne da salatif tun yana sabo, domin daga nan yake fara mutuwa. Bayan hutun faɗur, wato na karin kumallo, a ware minti goma kowa ya buɗe nasa, har da ustaz. In shi yana duba waya ko yana gyaran karras, wato littafin rubutun ɗalibai, yara sun gane abin wasa ne. Ranar Alhamis a ba da aro, ranar Lahadi a karɓa, ɗalibai biyu su riƙe daftarin suna, kowane littafi ya tafi gida a cikin leda saboda laka da ruwan harif, wato damina. Akwatin a ɗora shi a kan bulo, nesa da bangon ƙasa, in ba haka ba gara za ta riga yara gama shi. Bayan damina a shanya littattafan a iska. Wasu za su ɓace, wasu za su yage. Makarantar da ta sa tara mai nauyi za ta ga iyaye sun hana 'ya'yansu ɗauka, akwatin ya zauna a kulle yana ƙyalli ba amfani. Wanda ya ɓatar ya ɗinko na hannu ya mayar. Lokacin yankan riɗi, wajen Oktoba da Nuwamba, da yara suke bin iyaye gona, a ba su aro na tsawon kakar maimakon a jira su dawo sun manta.

In an yi duk wannan wata biyu ko uku babu motsi, a duba jiki. Yaron da yake kai littafi dab da hanci, ko yake ƙanƙance ido in ya kalli sabbura, wato allon aji, ko yake kukan ciwon kai bayan 'yan layuka, a kai shi a auna idonsa. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa, ko sai an kira shi sau uku, ba zai bambance sin da shin ba komai ƙwazon malami. Akwai kuma yaro mai kaifin basira a magana da lissafi amma baƙaƙe suna rikice masa duk da an koya masa da kyau, abin da ake kira usrul ƙira'a. Ba aljanu ba ne, ba lalaci ba ne. Yana bukatar tafiya a hankali, baƙi da sautinsa, da yawan maimaici, da a riƙa karanta masa darussa don kada sauran ilimi ya wuce shi. Yaran da suka ga abin da suka gani a hanyar gudu kuma, wasunsu ba sa iya tsayar da hankali minti biyar. A fara musu da uku. A bar su su zauna inda suke ganin ƙofa in haka suka fi so, a kuma guji labarin harbi da kisa sai in su suka kawo shi.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne ka ware ko da rabin shafi a mako domin yara: gajeren labari da bai wuce kalma 150 ba, da manyan haruffa da zane ɗaya, a buga shi da boko a dama, da ajami mai cikakkun wasulla a hagu, a kuma sa shi a siffar da za a iya turawa ta waya a kai wa mai injin kwafi ya fitar a takarda ɗaya. Mu a nan za mu ninka, mu ɗinke, mu sa a akwati.

Wassalam.

Daga wasu malaman madarasa da na halwa,
Gadarif, Sudan.